Keken tsere: ina ya kamata kuɗinka ya fara shiga?

A shirinmu na wasanni na wannan mako mun taɓa maganar keken tsere, wato mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, wanda samari ke fita da shi da asuba a hanyar Savelugu ko ta Nyankpala. Saƙonnin da suka shigo daga nan Tamale, da Bawku, har da tsallaken iyaka wajen Po da Dapaong, kusan duk tambaya ɗaya suke yi: na sayi keke na hannu, na tara ɗan kuɗi, me zan fara canzawa? Ga abin da muka tattauna, mun rubuta shi don wanda bai samu saurare ba.

Tamale garin keke ne, kowa ya sani. Amma yawancin kekunan tsere da ke hannun matasanmu ba sababbi ba ne. A kwantena suke zuwa ta tashar Tema, daga Japan ko Turai, an riga an more su a can. Kuma an ƙera su ne don kwalta mai santsi. Mu kuwa muna da ramuka, da tudun rage gudu, da jar ƙasa da zarar ka sauka daga babbar hanya, da ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, ga ƙaya. To duk shawarar da ka gani a YouTube, ka fara tambaya: mai maganar nan a wace hanya yake tuƙi?

A ganina taya ce farko, ba ta da na biyu. Ita kaɗai ke taɓa ƙasa. Yawancin kekunan nan suna zuwa da taya mai faɗin milimita 23, za ka ga an rubuta 700x23 a gefenta. A da an ɗauka cewa siririyar taya mai iska tam ita ce mai gudu. Yanzu ko masu tseren Tour de France sun koma 28 zuwa sama, domin an gano cewa a hanya mai gargada taya mai tauri tsalle take ta yi, kuma ƙarfin ƙafarka yana tafiya a wannan jijjigar. Mai faɗi tana ɗaukar iska ƙasa da haka, tana shanye gargadar, tana riƙe ƙasa a kwana, sannan ba ta saurin tsinke tib in ka faɗa rami. Idan ka samu wadda aka sa wa shimfiɗar kariya daga ƙaya a ciki, ita ce taka, ko da ta ɗan fi nauyi. Mutumin da ya tsaya faci a bakin hanyar Yendi da rana tsaka ba ya tambayar giram nawa tayarsa.

Sai dai fa a duba kafin a saya. Tsofaffin firem da yawa ba sa ɗaukar abin da ya wuce 25 ko 28, sai tayar ta riƙa gogar ƙarfe ko birki. Ka bar ɗan fili ta kowane gefe, saboda laka a damina.

Ga kuma wani tarko da ke cin kuɗin mutane a kasuwa. Kalmar "28" ba abu ɗaya take nufi ba. Tayar keken Phoenix irin na iyayenmu, wadda ake rubuta wa 28 x 1½, rim ɗinta milimita 635 ne. Ta keken tsere, 700C, milimita 622 ce. Akwai ma tsofaffin kekunan tsere masu inci 27, su kuma 630. Ba wadda ke hawa rim ɗin wata. Saboda haka in za ka Aboabo ko babbar kasuwa neman taya, karanta ƙananan lambobin da ke jikin tsohuwar, misali 25-622, ko ma ka ɗauke ta ka tafi da ita. Haka bawul: na keken tsere siriri ne, ba kowane famfon mai faci ke kama shi ba. Ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla yana magance wannan, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Na biyu, birki. Ba wai ka sayi sabon birki gaba ɗaya ba, robar da ke matse rim nake nufi, da wayar. Robar da ta shekara a ajiye ta bushe ta yi tauri, ga yashi ya nutse a cikinta yana cin rim kamar fayil. Wanda ya taɓa bin layin kekuna na cikin gari da yamma, inda babura da yalo-yalo da awaki kowa ke neman hanya, ya san darajar birkin da ke kamawa nan take. Sabuwar roba da sabuwar waya, keke ya zama wani daban.

Na uku sarƙa, kuma a nan ne sakaci ya fi tsada. Sarƙa tana ƙara tsawo a hankali yayin da ƙusoshinta ke cinyewa, in ta yi tsawo sai ta fara cin haƙoran giya na baya, daga nan na gaba. Gwajin ba wuya: a sabuwar sarƙa, daga ƙusa ɗaya zuwa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif. Ɗora tef ɗin tela ko rula. In ya ƙaru da 1/16 na inci, canza sarƙa yanzu. In ya kai 1/8, to da wuya haƙoran baya su tsira, sai an haɗa da su. Kuma don Allah a rage zuba baƙin mai na mota. Da hunturu man nan yana haɗuwa da ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Ɗigo kaɗan na mai mara kauri, a juya feda, a goge na waje da tsumma, shi ke nan.

Akwai gyaran da ba ya cin ko sidi ɗaya: tsayin sirdi. Zauna, ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Da yawa daga masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa. Shi kansa sirdin, in yana cutar da kai bayan an daidaita shi, canza shi, amma tsada ba ita ke sa ya dace da jikinka ba.

To, yanzu mu zo inda samari suka fi son zuba kuɗi, wato giya. Kamfanin Shimano yana da matakai: Claris mai haƙora jeri 8 a baya, Sora 9, Tiagra 10, sai 105 da Ultegra da Dura-Ace a sama. Kowa na son a ga 105 a jikin kekensa. Amma daga 8 zuwa 11 ba ƙarfe ɗaya za ka canza ba. Sai ka sayi hannun canza giya, da mai jan sarƙa, da haƙoran baya, da sarƙa, wani lokaci har da wilin baya, domin jeri 11 ba ya zama a kan tsohon hob na 8. Ko a cikin jeri 10 ma, Tiagra 4700 ba ta jituwa da tsofaffin kayan jeri 10. Ka gama wannan kashe kuɗi, gudunka yana nan inda yake, illa tazarar da ke tsakanin giya da giya ta ragu. Sannan ranar da sarƙar 11 ta tsinke maka a Walewale, ina za ka samu? Ta 8 kuwa ita ce dai irin ta kekunan daji masu jeri 6 da 7 da 8 da suka cika gari, kusan kowane mai gyara yana da ita a rataye.

Maganar nauyi ma haka take. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana keken gasa ya yi ƙasa da kilo 6.8, shi ya sa ake ta yayata rashin nauyi. Amma mu yi lissafi. Kai kilo 70, kekenka kilo 10, jimla 80. Ka sayi kan keke na kabon ka rage giram 200, ai kashi ɗaya cikin 400 ka rage. Nauyi a hawan dutse yake magana, mu kuwa daga nan har Bolgatanga, wajen kilomita 160, ƙasar kusan shimfiɗe take. Abin da ke riƙe ka a irin wannan hanya iska ce, kuma jikinka ne ke tare mafi yawanta, ba keken ba. Riga mai kama jiki da koyon sunkuyawa sun fi wancan kabon ɗin amfani. Kabon na hannu ma yana iya samun tsaga a ciki wadda ido ba ya gani, kuma shi ba ya lanƙwasa ya ba ka gargaɗi, karyewa yake yi. Firem na ƙarfe ko ya tsage, mai walda na unguwa zai iya taimakonka.

Wili fa? Wani mai sauraro daga ɓangaren Burkina, inda Tour du Faso ke gudana tun 1987 kuma mutane suka san keke sosai, ya ce wili ne babban gyara. Gaskiya ne ga mai shiga gasa. Ga mai atisaye a hanyoyinmu, wili mai waya 32 ko 36 ya fi mai 16 ko 20 kwanciyar hankali, domin in waya ɗaya ta tsinke za ka iya lallaɓawa gida, kuma mai gyara zai daidaita shi. In wilinka bai fashe ba, a miƙe shi, a sa wa boris sabon giris, a ci gaba.

Abin da ya rage a aljihu, hular kwano da fitila, ta gaba fara, ta baya ja. Masu fita atisaye ƙarfe biyar na asuba suna raba hanyar Bolga da manyan motocin da suka kwana suna tafiya zuwa Paga, kuma direban da barci ke ɗiba ba ya hango baƙar riga a kan siririn keke.