Sarƙaƙƙen Bayanau na Lokaci a Turanci da Matsalarsa ga Ɗalibi Bahaushe



Abin da zan yi magana a kansa a yau ƙaramin abu ne a ido, amma yakan kayar da ɗalibi a jarrabawa, ya kuma jawo wa ɗan kasuwa asara. Wannan abu shi ne jerin kalmomin da Turanci yake harhaɗawa su zama bayanau guda, don a nuna lokacin da aiki ya auku. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a nan Wudil a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, da Turanci ake koyarwa a cikinta, alhali kuwa da yawa daga cikin ɗalibanta da Hausa suka tashi, da ita kuma suke lissafin kwanaki.

Bari mu fara da wurin da Hausa ta fi Turanci taƙaitawa. Bahaushe yana da kalma ɗaiɗaya ga kwanaki bakwai a jere: shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata da citta. Bature kuwa uku kaɗai ya mallaka a cikinsu, watau jiya da yau da gobe. In ya tashi faɗin shekaranjiya sai ya jero kalmomi huɗu, ya ce "the day before yesterday". Jibi kuwa "the day after tomorrow", gata kuma "in three days' time". Haka abin yake ga bara da bana da baɗi, kowannensu kalma biyu ne a Turanci. Saboda tsawon nan ne 'yan Nijeriya suka ƙago "next tomorrow" a madadin jibi, har babban ƙamus na Oxford ya shigar da shi a watan Janairu na 2020 a matsayin Turancin Nijeriya. Amma shiga ƙamus ba ta nufin mutumin Ingila zai gane shi nan take, don haka ya kyautu ɗalibi ya san duka biyun, ya kuma san inda kowanne yake karɓuwa.

Matsala ta biyu ita ce 'yan ƙananan kalmomin da ke farkon irin wannan bayanau, waɗanda canja ɗaya yake canja ma'ana ɗungurungum. Alal misali, "on time" na nufin daidai lokacin da aka ajiye, amma "in time" na nufin tun da sauran lokaci, kafin dama ta wuce. Ɗalibin da ya shiga aji ƙarfe takwas cif ya zo "on time". Majinyacin da aka kai asibiti kafin ciwo ya ci ƙarfinsa an kai shi "in time". Haka kuma "by Friday" ba daidai yake da "on Friday" ba. Na farko yana nufin kada a wuce Juma'a, ko da yau aka kawo an karɓa. Na biyu kuwa ranar ce kanta. Sau da yawa a ƙasar nan akan rubuta "by four o'clock" a katin gayyata ana nufin ƙarfe huɗu za a fara, alhali abin da aka gaya wa baƙo shi ne ya iso kafin nan.

Akwai kuma rikicin "tun". Bahaushe yakan ce tun 2001, ya kuma ce tun shekara biyu, bai ga wani bambanci ba. Turanci ya raba su: "since 2001" ga mafarin lokaci, "for two years" ga tsawonsa. Wanda ya ce "since two years" Hausa ya yi, kalmomin ne kawai na Turanci.

Matsala ta uku ta fi sauran zurfi, domin ta shafi yadda al'ummomin biyu suke yanka kwana. A lissafinmu na gargajiya dare ne yake gabatar rana. Daren Juma'a shi ne wanda yake shiga bayan faɗuwar ranar Alhamis. Ga Bature kuwa "Friday night" sai an wuni Juma'a tukuna, watau daren Asabar ke nan a wurinmu. To, mu ƙaddara wani mai sayen shanu daga Kudu ya aiko wa dillalinsa na Wudil cewa motarsa za ta iso "on Friday night", yaron da ya karanta saƙon ya ce daren Juma'a. Dillali zai sa ran mota tun daren da kasuwa za ta ci washegari, ita kuwa ba za ta iso ba sai kasuwa ta watse. Ga shi babu wanda ya yi ƙarya, amma an sami saɓanin kwana guda cur, kuma a harkar dabbobi kwana guda kuɗi ne.

Daga ƙarshe akwai waɗanda suka daskare, ba a gane su ta hanyar rarraba kalmominsu. "For the time being" shi ne kafin a ga abin da hali zai yi, "from time to time" shi ne jefi-jefi, "at once" kuwa nan take. Kada wannan ya ba mu mamaki, domin mu ma in muka ce "rana ita yau" ko "nan da nan", baƙon harshe ba zai fitar da ma'anarsu daga kalmomin ba.

Shawarata ga malamai ita ce a koyar da kowane irin wannan bayanau a dunƙule, kamar kalma guda, a cikin jimla, sa'an nan a ajiye takwaransa na Hausa kusa da shi don ɗalibi ya ga inda suka dace da inda suka rabu. Ga ɗalibai kuwa, duk inda alkawari ko ciniki ya rataya a kan lokaci, a rubuta rana da kwanan wata da ƙarfe, kada a dogara da fassara.