Matasa Masu Lalurar ADHD da Fargabar A Guje Su

Yaron da ake ce wa mai rawar kai, wanda in an aike shi sai ya manta saƙon a hanya, ba lallai ne girma ya raba shi da halin ba. Wani lokaci lalura ce da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin maida hankali, yawan motsi da aikata abu kafin tunani. Tun 1902 likitan yara George Still ya yi bayaninta a Landan. Masana sun ƙiyasta tana shafar kusan kashi 5 cikin ɗari na yara da kashi 2.5 na manya, kuma galibi gadonta ake yi.

Wanda ya sha tsawa a gida, ya sha bulala a makaranta, abokan wasa suka ware shi, yakan girma yana jiran ranar da za a sake juya masa baya. A 1996 Geraldine Downey ta Jami'ar Columbia a Amurka da Scott Feldman sun nuna cewa mai irin wannan fargaba yana zaman ɗar-ɗar, yana hango ƙiyayya inda babu ita, sannan ya mayar da martani fiye da kima. Kundin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa bai lissafa wannan fargaba cikin alamomin ADHD ba, amma masu lalurar da yawa suna kuka da ita.

A soyayya abin ya fi fitowa fili. Budurwa ta karanta saƙo a WhatsApp ba ta amsa ba, sai saurayi ya jero mata saƙonni, ya yi fushi, ko ya ɗauke ƙafa tun kafin a sallame shi. Shi kuma ya manta alƙawari, ita ta ɗauka raini ne. Wata matashiyar kuwa bakinta ba ya iya cewa a'a, komai aka nema sai ta yi don kada a bar ta. A ƙarshe fargabar ce ke jawo rabuwar da ake gudu.

Lalurar tana da magani. Methylphenidate na taimaka wa da yawa a ƙarƙashin kulawar likita, zama da masanin halayyar ɗan Adam kuma yana koya wa mutum ya tambaya kafin ya yanke hukunci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware.

Iyaye, kafin ku kira yaro shashasha, ku kai shi a duba shi. Masoya kuma ku riƙa faɗa wa juna magana a fili, domin shiru ne ya fi azabtar da mai wannan lalura.