Tsere, kwari da gonakin bayan garin Madina

Yawancin alhazanmu ta tagar motar ziyara suke ganin bayan garin Madina: a sauka Ƙuba, a sauka Uhudu, a tsaya kasuwar dabino, a koma masauki. Ga wasu abubuwa da mai tafiya a ƙafa ne kaɗai zai ci karo da su.

Madina gari ne na koguna marasa ruwa. Aƙiƙ ya bi ta yamma, Buɗhana ya ratsa tsakiya, Ƙanatu ya biyo ta gindin Uhudu. Duk suna haɗuwa a arewacin gari, daga nan ruwan ya kama hanyar Bahar Maliya. Kusan duk shekara yashi ne da tsakuwa, amma in aka yi mamakon sama a kan duwatsu sai su cika cikin sa'o'i kaɗan, kamar dai gulaben Katsina da Maraɗi. Buhari ya kawo cewa bayan wata addu'ar roƙon ruwa da Annabi (SAW) ya yi a kan mumbari, Ƙanatu ya yi wata guda cur yana gudana.

Tseren dawaki mai rukuni biyu ya daɗe a garin. Dawakin da aka horar, wato aka ciyar da su suka yi ƙiba, sannan aka rage musu abinci aka lulluɓe su don su yi gumi, suna tasowa daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, mil 5 ko 6. Waɗanda ba a horar ba mil 1 kawai suke yi, zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Abdullahi ɗan Umar na cikin mahaya. Har raƙuma ma an sa su: taguwar Annabi, Adba'u, ba a taɓa tsere mata ba sai ranar da wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta, abin ya yi wa Sahabbai zafi.

A gudun ƙafa kuwa, ba a maganar kowa sai Salamatu ɗan Akwa'u. Dab da yaƙin Haibara mahara suka kore raƙuman Annabi daga makiyayar Gaba, arewa da gari. Salamatu ya hau tudu ya yi kururuwa sau 3, sannan ya bi su shi kaɗai, su a kan dawaki, shi a ƙasa, yana harbi yana ɓuya. Sai da ya ƙwato raƙuman, maharan kuma suka zubar da mayafai sama da 30 da mashi 30 don su rage nauyi. Da aka zo rabon ganima aka ba shi kaso biyu, na mahayi da na ɗan ƙasa. Abin bai ƙare nan ba. A hanyar dawowa wani Ba'ansare da ba a taɓa wuce shi ba ya yi ta cika baki yana neman abokin tsere zuwa Madina. Salamatu, da gajiyarsa da komai, ya nemi izini ya diro. Ya ƙyale mutumin ya yi gaba tudu ɗaya ko biyu yana tattalin numfashinsa, sannan ya ɗaga ƙafa ya cim masa, ya buga masa hannu a tsakanin kafaɗu, ya riga shi shiga gari. Masu horar da 'yan gudun yada ƙanin wani a yau kuɗi suke karɓa kafin su koyar da wannan dabara. Labarin yana cikin Sahihu Muslim.

Annabi da kansa ya yi tsere da Nana A'isha sau biyu a halin tafiya. Ta ci na farko, ya rama a na biyu.

Sai inabi. A Faransa, tun 1985 ake wani gudun kilomita 42 cikin gonakin inabin Medok kusa da Bodo, inda ake miƙa wa 'yan tsere giya a hanya. Madina ma tana noman inabi a inuwar dabinai, sai dai na ci ne da na zabibi. Mamakin shi ne, ko a ranar da aka haramta giya aka kwarara ta a lungunan gari, Anas ɗan Malik ya ce ta inabi kaɗan ce, yawancinta da dabino aka yi ta. Garin inabi na sosai a Hijaz shi ne Ɗa'ifa, mai tudu da sanyi. Ita Madina ta fi suna da ajwar unguwar Awali da kuma na'a-na'arta, wadda alhazai ke ɗaurowa a jaka don shayi.

Hanya mafi sauƙi ga mai sassarfa ita ce ta Ƙuba, wajen kilomita 3 daga Harami, an shimfiɗe ta don masu ƙafa. Annabi yakan je Ƙuba duk Asabar, wata rana a ƙafa, wata rana a kan abin hawa. A ganina da asuba ta fi daɗi, don da rani zafin garin yakan haura digiri 43, bayan isha'i kuma cunkoso ba ya barin mutum ya buɗe ƙafa.

Aƙiƙ shi ne unguwar masu hali a zamanin Banu Umayya. Kufan gidan Urwatu ɗan Zubairu da rijiyarsa suna nan a gaɓar kwarin, a da kuma jirgin ƙasan Hijaz, wanda ya iso Madina a 1908, ta kan gadar dutse yake tsallake shi. Can ƙasa kuma akwai rijiyar Ruma da Sayyidina Usmanu ya saya ya yi waƙafi. Fiye da shekara 1,400 ke nan, har yau gonar dabino ce ke kewaye da ita.

A shekarar 654 ta Hijira, wato 1256, ƙasa ta tsage a kudu maso gabashin gari ta yi aman wuta na kwana 52. Narkakken dutse ya malala kimanin kilomita 23, ya tsaya 'yan kilomitoci kafin gari, ya toshe kwarin Ƙanatu, ruwa ya riƙa taruwa a bayansa. Malaman tarihi sun rubuta cewa har a Busra ta ƙasar Sham an hangi hasken. Baƙin dutsen yana nan, kaifinsa ba ya barin takalmi lafiya.

Dutsen Uhudu tsawonsa kusan kilomita 7 ne, ƙololuwarsa mita 1,077 daga matakin teku, amma da yake garin kansa a kan wajen mita 600 yake, hawan bai kai yadda adadin ke tsoratarwa ba.

Akwai kuma kwarin Baida'u a arewa maso yamma, wanda direbobin ziyara ke kira Wadi Jinni. A kashe mota a cire giya, sai ta kama gudu tana "hawa" tudu. Ba aljani, ba maganaɗisu: gangara ce, duwatsun gefe ne ke ruɗar ido. Wanda ya sauka ya gwada gudu da ƙafa, cinyoyinsa za su gaya masa ina ne hawa, ina ne sauka.

Mai son tsere na lamba a ƙirji sai ya nausa arewa zuwa Al-Ula, cikin lardin Madina, sama da kilomita 300. Tun 2020 ake gudun jeji a can da sanyin hunturu, tsakanin jajayen duwatsu, dabinai da gonakin lemo.