Fursunan da Ya Juyo a Kan Ƙanƙara

A shekarar 1569, cikin tsananin sanyi, wani fursuna mai suna Dirk Willems ya ƙulla tsummoki ya yi igiya, ya zuro ta daga taga, ya sauka daga gidan da ake tsare da shi a garin Asperen na ƙasar Holan. Laifinsa shi ne an sake yi masa baftisma bayan ya girma, ya kuma bari an yi wa wasu a gidansa. Ƙasar tana hannun Sarkin Sifen a lokacin, kuma hukuncin wannan laifi kisa ne.

Mahukunta ba su manta da Munster ba. A 1534 wasu masu sake baftisma sun ƙwace wannan birni na Jamus, Jan van Leiden ya zama sarki, jini ya kwarara kafin a murƙushe su a 1535. Su Dirk kuwa wata hanya suka bi. Ba sa ɗaukar takobi, ba sa neman kujerar mulki, domin a wurinsu Almasihu ya sha wuya bai rama ba, kuma mabiyi ba ya wuce gaban wanda yake bi.

Da Dirk ya sauko daga tagar, wani dogari ya hango shi ya bi shi da gudu. A gabansu akwai tafki da ya daskare, ƙanƙarar ba kauri. Yunwar kurkuku ta ramar da Dirk, sai ya haye lafiya. Dogarin na takawa ƙanƙarar ta fashe, ya nutse cikin ruwan sanyi yana neman ceto.

Nan ne abin ke taɓa ni. Babu wanda zai zargi Dirk da ya ci gaba da gudu, ya kuma san abin da ke jiransa idan aka kama shi. Amma ya juyo, ya miƙa hannu, ya jawo mutumin.

Dogarin ya so ya ƙyale shi. Magajin gari ya daka masa tsawa, ya tuna masa rantsuwar aikinsa, sai ya kama wanda ya cece shi.

Ranar 16 ga Mayu 1569 aka ƙona Dirk a bayan gari. Iskar gabas ta riƙa kaɗa wutar daga saman jikinsa, mutuwar ta ja lokaci, har mutanen Leerdam, garin da ke kusa, suna jiyo muryarsa yana kiran Ubangijinsa.