Motar tsere da motar kasuwa: yadda ake hidda zahi daga inji

Dattawan Agadas, da na Tawa, da na Yamai ba su manta da motocin tseren Paris-Dakar ba. Ran 26 ga watan Disamba na shekara ta 1978 aka fara shi. Motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, babban birnin Faransa. Suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar, suka bi ta Agadas da Yamai, suka wuce Mali. Ran 14 ga Janairu 1979 aka isa Dakar. Cikin 182 ɗin nan, 74 kaɗai suka kai. Yanzu tseren ya bar Afirka. Daga 2009 an yi shi a Amurka ta Kudu, daga 2020 kuma ana yin shi a ƙasar Saudiyya.

Tseren ya tahi, amma wata damuwa ta makanikanshi tana nan tare da direbobin ƙauye. Damuwar ita ce zahin inji. Motar kasuwa ta ɗauki mutane da buhunan hatsi, ta shiga rairayi da tsakar rana. Sai ta fara tofar da ruwa, ta tsaya cikin daji. Mai kaya ya rasa kasuwa. In akwai mace mai naƙuda da ake kai wa likita, abin ya wuce hasarar kuɗi. Dabarun da masu tsere suka yi ma motocinsu suna nuna abin da ke kawo wannan, da yadda ake kare shi.

Ina zahin ke hitowa?

Cikin inji wuta ce ke ci. Esansi ko gazuwal shina haɗuwa da iska, ya kama, ya tura ƙarhe, ƙarhe ya juya ƙafahun mota. Zahin wutar nan shina wuce digiri 2000. Gorar ruwa, wadda da ita ake yin kan injin motoci da yawa, tana narkewa wajen digiri 660. Ke nan in ba a kwashe zahin ba, inji ba ya daɗewa.

In aka raba ƙarhin man da mota ta sha kashi 3, kusan kashi 1 kaɗai ke tura mota. Kashi 1 shina hita ta bututun hayaƙi. Kashi 1 kuma shina zama cikin jikin inji. Shi ne ruwa ke ɗauka.

Mutane da yawa suna tsammani ruwa kashe zahi yake yi, kamar yadda ake kashe wuta. Ba haka ba ne. Ruwa ɗan dako ne. Pampo shina tura shi ya zagaya cikin inji, ya ɗauko zahi, ya kai shi tukunyar ruwa ta gaban mota, wadda direbobi ke ce ma lagireto ko radiyater. Can ruwan ke rabuwa cikin ƙananan bututai masu yawa. Iska ta ratsa tsakaninsu, ta tahi da zahin. Ruwan ya koma inji ya ɗauko wani.

Uwa ta san wannan aiki. In kunu ya yi ma yaro zahi, tana juye shi cikin ƙwarya mai faɗi, tana hura mashi iska. Faɗi da iska su ke sanyaya shi. Lagireto shi ne ƙwaryar, fanka ita ce mai hurawa.

Me ya sa motar tsere ta hi yin zahi?

Cikin shekara ta 1987, motar da ta ci tseren Paris-Dakar ita ce Peugeot 205 Turbo 16. Direbanta Ari Vatanen ne, mutumin ƙasar Finlan. Injinta bai kai girman na Peugeot 504 da aka sani a tasha ba. Amma ƙarhinta ya wuce na doki 300, ita kuwa 504 ta tasha ba ta cika doki 100 ba. Ƙarhi ninki uku, wuta ninki uku, zahin da za a hidda shi ma ninki uku. Lagireton motar gida ba ya iya wannan aiki.

Sannan ga rairayi. Bisa hanya mai kyau mota tana gudu, iska tana shiga gabanta da kanta. Cikin rairayi mai taushi irin na Tenere, inji shina ihu, ƙafahu suna nutsewa, mota tana jan ciki. Wuta ta yi yawa, iska ta yi kaɗan. In iska tana busowa daga baya, abin ya ƙara lalacewa, don mota tana tahiya cikin zahin da ta hidda.

A lura da abu guda. Cikin watan Janairu ake wannan tsere, lokacin ɗari. Direban ƙauye kuwa shina aiki har cikin Afrilu da Mayu. Ga lissahin. Ruwan inji shina wajen digiri 90. In iskar waje tana digiri 20, tsakaninsu 70. In iskar waje ta kai digiri 45, kamar yadda ake gani da bazara, tsakaninsu 45 kaɗai. Lagireto ɗaya, mota ɗaya, amma kusan kashi 1 cikin 3 na aikin sanyaya ya tahi. Shi ya sa motar da ta yi lahiya duk lokacin ɗari take fara tafasa da bazara.

Abin da masu tsere ke sakewa

Na farko lagireto. Suna hidda na kamfani, su sa wanda ya hi shi faɗi ko kauri, mai bututai da yawa. Lagireton da na jan ƙarhe ne da tagulla. Na yanzu mahi yawa na gorar ruwa ne, ba shi da nauyi. Faɗi ya hi kauri amfani, don iskar da ta kai layin baya ta riga ta yi zahi.

Babban lagireto ba shi da amfani in iska ba ta ratsa shi ba. Iska kamar ruwan sama take, inda ya hi sauƙi nan take bi. In akwai rata a gehe, sai ta zagaye. Don haka suna toshe kowace rata tsakanin huskar mota da lagireto. Suna kewaye fanka da ƙawanya, don ta jawo iska ta dukan faɗin lagireto, ba ta tsakiya kaɗai ba. Suna huda murhin inji, iskar da ta yi zahi ta samu ƙofar hita. Suna ƙara fanka ta lantarki, wadda ke juyawa da ƙarhi ko mota tana tsaye. Wasu ma suna mai da lagireto baya, su ɗaga shi sama, inda duwatsu da rairayi ba su kai gare shi.

Baƙin mai shi ma shina ɗaukar zahi. In ya yi zahi ƙwarai sai ya tsinke kamar ruwa, ƙarhe ya fara cin ƙarhe. Don haka suna yi mashi nashi ƙaramin lagireto. Motar da ke da turbo, watau abin da ke cusa ma inji iska da ƙarhi, tana da wani kuma na iska. Duk wanda ya taɓa ba keke iska ya ji pampon ya yi zahi a hannunshi. Iskar da aka matse haka take, sai an sanyaya ta kahin ta shiga inji.

Sai murhin lagireto. Shi ne mahi ƙanƙanta, shi ne kuma aka hi renawa. Ruwa cikin buɗaɗɗiyar tukunya shina tafasa a digiri 100. In aka ruhe shi gam aka matse shi, ba ya tafasa da wuri. Cikin murhin akwai roba da wani ɗan ƙarhe naɗaɗɗe da ke danne bakin. Murhi mai kyau shina riƙe ruwa har wajen digiri 120 bai tafasa ba. Wannan muhimmi ne, don tururi ba ya ɗaukar zahi kamar ruwa. Da ruwa ya zama tururi, ɗan dako ya aje kaya. Masu tsere suna sa murhi mai matsi hiye da na kamfani, amma sai sun sake tiyo duka sun sa masu ƙwari. Wanda ya sa irin wannan murhi bisa tsohon tiyo, tiyon ne zai fashe.

Duk dabarun nan hanya ce ake faɗaɗa ma zahi don ya hita.

Yadda ake toshe hanyar a motar ƙauye

Motar kasuwa ba ta bukatar kayan tsere. Mahi yawan lokaci hanyar da kamfani ya yi mata ta isa, in ba a toshe ta ba. Ga inda ake toshe ta.

Ruwan rijiya. Wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawo ya kama gindinta. Gishiri ne da farar ƙasa da ke cikin ruwa. Haka ke faruwa cikin lagireto, bututanshi kuwa ƙanana ne. Shekara ɗaya, biyu, sai wasu su toshe. Daga waje lagireto shina nan da girmanshi, daga ciki rabi ne ke aiki. Ruwan tabki mai laka ya hi muni. Abin da ya dace shi ne ruwan lagireto da ake sayarwa cikin bido, mai launin tsanwa ko ja-ja. Shina hana tsatsa. In babu shi, ruwan sama mai tsabta da aka tace ya hi na rijiya. Amma a yi hattara: ruwan nan mai launi guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi. A aje shi nesa da yara da bisashe. Kada a zuba ruwan sha cikin bidonshi.

Daga waje kuma, ƙarangiya, da ƙaiƙayi, da fara, da ƙura suna liƙe huskar lagireto, musamman da kaka. Ana wanke su da ruwa daga baya zuwa gaba, a hankali. Kada a soka ƙusa ko wuƙa. Wasu direbobi suna ɗaura taya, ko jarka, ko allon ado a gaban mota. Sun tare iska da hannunsu.

Murhi ya ɓata, an cusa tsumma ko leda. Motar nan ta yi hasarar digiri 20 tun ba ta tashi ba. Kuɗin murhi bai kai kusa da na gyaran inji ba.

Akwai kuma wata ƴar ƙofa tsakanin inji da lagireto, ana ce mata tarmosta. In inji shina da sanyi tana ruhe. In ruwa ya kai digiri 80 da wani abu, sai ta buɗe. Makanikai da yawa suna hidda ta su yar, wai ƙasar zahi ba ta bukatarta. Wannan kuskure ne. Da sanyin sahe inji ba ya ɗumi da wuri, shina shan mai, shina cinyewa. A wasu injuna kuma, in babu ita, ruwa shina bin gajeriyar hanya ya koma inji bai ratsa lagireto ba, zahi ya ƙaru. Gaskiya ne tana iya maƙalewa ta ƙi buɗewa. Gwada ta ba wuya. A sa ta cikin tukunyar ruwa bisa wuta. In mai kyau ce, za ta buɗe kahin ruwan ya tafasa. In ba ta buɗe ba, a sayi sabuwa.

Kowace sahiya, kahin a tada mota, yaron mota ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya taɓa igiyar fanka, watau fambel. In ta yi sako-sako, fanka da pampo ba su juyawa sosai. Ya leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo. Cikin rairayi a rage ma tayoyi iska kaɗan, mota ba ta nutsewa, inji ba ya wahala. In an hau hanya mai tauri a mai da iskar. Kaya kuma ya tsaya inda mota ke iyawa.

In allurar zahi ta hau ja

A tsaya nan take, a juya huskar mota wajen iska. Wanda ya ce bari ya ƙarasa gari, shina iya ƙone shimhiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinshi, ko kan injin ya lanƙwashe. Alamarshi ita ce farin hayaƙi daga baya, ko baƙin mai ya koma kamar madara.

In akwai ruwa kuma fanka tana juyawa, a bar inji shina aiki a hankali na ɗan lokaci, allura za ta sauka. In ruwa shina zuba ko igiyar fanka ta tsinke, a kashe inji.

Kada kowa ya buɗe murhin lagireto da zahi. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kaɗai ke riƙe da shi. Da an buɗe, sai ya yi tsalle ya zama tururi, ya ƙone huska da hannu. Yaran mota su ne abin ya hi samu, don su ake aikawa. A jira kamar rabin awa, har hannu ya iya taɓa tiyon sama. A sa tsumma mai kauri, a kau da huska, a murɗa kaɗan, a bar iska ta hita, sannan a buɗe duka. Ruwan sanyi bisa ƙarhe mai zahi shina tsaga shi, kamar tukunyar ƙasa da aka sauke daga wuta aka zuba mata ruwan randa. Sai inji ya huce, a tada shi, a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har ya cika.