Daga Kusugu zuwa Daberam: bin sawun ruwa a ƙasar Daura

A manyan biranen duniya da dama, bakin kogi ne wurin da jama'a ke fita su miƙe ƙafa. A Ingila akwai hanyar masu tafiya a ƙasa da ke bin kogin Thames, wadda aka buɗe a 1996. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu kuwa, hukumomi sun rushe wata doguwar gadar motoci domin fito da ƙoramar da aka binne a ƙarƙashinta, aikin da aka kammala a 2005.

Daura, wadda ke arewacin jihar Katsina dab da iyakar Najeriya da Nijar, ba ta da kogin da ke ratsa ta. Damina a nan ba ta cika wuce watanni huɗu ba, kuma ƙoramun yankin kan ƙafe da rani. Duk da haka, wanda ke son sanin garin a ƙafa ko a kan keke, ruwa ne zai yi masa jagora, domin a bakin rijiya labarin Daura ya ƙullu.

Rijiyar Kusugu

Yawancin baƙi daga rijiyar Kusugu suke farawa, a tsakiyar tsohon gari. Tarihin baka ya nuna cewa wani maciji mai suna Sarki ya taɓa mamaye rijiyar, har mutane ba sa samun ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Baƙon nan Bayajidda, wanda ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, shi ne aka ce ya kashe macijin da dare, daga bisani ya auri Magajiya Daurama. Daga zuriyarsa ne aka ce an sami sarakunan Hausa Bakwai: Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram.

Masana tarihi irin su marigayi Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi tababar ɗaukar wannan labari a matsayin asalin Hausawa. Amma ko da an ajiye batun maciji gefe guda, labarin yana ɗauke da gaskiyar da kowane mazaunin Sahel ya sani: wanda ya buɗe wa jama'a hanyar ruwa, shi suke ba girma.

An kewaye rijiyar da gini, kuma masu ziyara kan ɗebi ruwanta su sha, wasu ma su yi guzurinsa.

Cikin tsohon gari

Tafiyar 'yan mintoci daga rijiyar za ta kai mutum fadar Kangiwa, mazaunin sarakunan Daura. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓe garin, tsohon gidan sarautar ya koma Zango da Baure, har zuwa 1906 lokacin da Turawan mulkin mallaka suka maido da Sarki Musa. Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har zuwa 2007, shekarar da aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar.

Lungunan unguwanni irin su Ƙofar Baru an tsara su ne tun kafin zuwan mota, domin mai ƙafa da mai jaki da mai doki. Shi ya sa mai tafiya a ƙasa ke ganin abin da na cikin mota ba ya gani: zaurukan gidaje, da makarantun allo, da masu sana'ar hannu a bakin aiki. Garin ya fi cika a lokacin Sallar Gani, cikin watan Rabi'ul Awwal.

A kan keke

Bayan gari kuwa sai da keke. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa da gangara mai wahala, sai dai rairayi kan riƙe taya a hanyoyin gona. Mai keke zai iya kai wa Tsohon Birni, inda aka ce nan ne mazaunin magajiyoyin farko kafin Daurama ta matsar da gari, ko ya nufi madatsar ruwa ta Daberam, wadda masunta da manoman rani ke dogaro da ita. Akwai kuma madatsar Sabke, da aka gina domin samar wa Daura da maƙwabtanta ruwan sha.

Lokaci mafi dacewa shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, da sanyin safiya. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos. Kodayake yankin Daura bai sha fama da 'yan bindiga kamar ƙananan hukumomin da ke kusa da dajin Rugu ba, ya kyautu baƙo ya nemi ɗan gari ya yi masa rakiya, ya kuma gaida mai gari kafin ya ratsa ƙauye.

Gari na bunƙasa

Daura ta sauya ƙwarai a shekarun mulkin ɗanta, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda aka binne a garin a watan Yulin 2025. An aza harsashin Jami'ar Sufuri a 2019, kuma a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Daura.

Bunƙasar gari dai tana zuwa da nata ƙalubalen. A tsofaffin biranen Hausa, kududdufan da aka haƙa domin ɗiban ƙasar gini su ne ke tare ruwan sama. Idan aka cike su aka yi gidaje, ruwan ya rasa masauki, sai ya shiga ɗakunan jama'a. Haka nan idan aka faɗaɗa titi ba tare da ware gefen masu ƙafa ba, 'yan makaranta da tsofaffi da masu tura kurar ruwa ne ke gogayya da babura da manyan motoci.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tafiya a ƙasa da hawan keke sun zame wa iyalai da dama dole. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shawarci baligai su motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako.

Don haka abin da ke gaban masu tsara Daura ba mai tsada ba ne: gefen titi ga masu ƙafa da keke, itatuwan inuwa, alluna masu bayanin wuraren tarihi, da kare sauran wuraren da ruwa ke kwanciya. Da waɗannan, hanyar da baƙo zai bi daga Kusugu ita ce kuma ɗan makaranta zai bi ya isa gida lafiya.