Jelly Roll Morton, makaɗin da ya rubuta kiɗansa

Yau za mu ba ku labarin wani makaɗi na ƙasar Amurka, Jelly Roll Morton.

An haife shi wajen 1890 a birnin Nuwel Orleyan, wurin da kiɗan jaz ya tashi tsakanin baƙar fata. Tun yana yaro ya koyi piyano. Piyano babban akwatin kiɗa ne mai tsirkiya a ciki. Ana danna bakinsa da yatsu, sai ya yi amo.

Yana saurayi ya fara kiɗa a gidajen karuwai, don can ake samun kuɗi. Da kakarsa ta ji, sai ta kore shi daga gida. Ya shiga yawon duniya, gari gari.

A lokacin nan makaɗan jaz da yawa da ka suke kiɗa. Wanda ya mutu, kiɗansa ya bi shi kabari. Shi Morton ya iya rubuta kiɗa bisa takarda, da alamu na musamman. A 1915 aka buga takardar kiɗansa mai suna Jelly Roll Blues. Tana cikin kiɗan jaz na farko da aka buga.

A 1926, a birnin Shikago, ya fara yin faifai da ƙungiyarsa. Ya yi suna, ya yi kuɗi, har ya sa lu'ulu'u a haƙorinsa. Yana da cika baki: ya ce shi ne ya ƙago jaz a 1902. Gaskiya jaz aikin mutane da yawa ne.

Bayan 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye, aka manta da shi. Wasu makaɗa suna samun kuɗi da kiɗansa, shi yana fama da talauci.

A 1938, a Washinton, wani masani, Alan Lomax, ya ɗauki muryarsa, yana kiɗa yana ba da tarihin jaz. Cikin wannan shekara aka soke shi da wuƙa. Gidan likita na kusa ya ƙi karɓarsa, don na farar fata ne kaɗai. Bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu a 1941, a Los Anjalas.

Kuɗin sun ƙare, amma takardu da faifai suna nan. Har yau makaɗa suna karanta su, suna kaɗawa.

Sai wani jiƙon, mu kwana lafiya.